Maggie Walker: 'Yar Mai Wankau Da Ta Mayar Da Kwabo Gidaje

 A wannan fitowa za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu leƙa rayuwar wata baƙar fata mai suna Maggie Lena Walker, wadda ta rasu tun 1934. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka kuma ta shugabance shi. Ta shekara 35 tana riƙe da dukiyar jama'a, kuma ta hannunta ɗaruruwan iyalai suka fita daga gidan haya suka mallaki nasu na kansu.

Kin san dai 'yar'uwa, fara harkar kuɗi ba shi ne wahala ba. Mun sha ganin an kafa ƙungiya da guɗa da shewa, kafin shekara biyu an watse ana kallon juna da ido ja. Abin da ya sa tarihin wannan mata ya cancanci ki zauna ki karanta shi ne daɗewar da ta yi. Bankuna da suka fi nata girma sun rushe a gabanta, masifu sun faɗa mata a cikin gida, jikinta ma ya gaza, amma kuɗin mutane bai salwanta a hannunta ba. Bari mu bi ta a hankali mu ga yadda aka yi.

Asalinta da tashinta

An haifi Maggie ranar 15 ga Yulin 1864 a birnin Richmond na jihar Birjiniya. A lokacin Amurka na tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu a kan batun bauta, kuma Richmond ita ce hedikwatar 'yan Kudu masu son a ci gaba da riƙe bayi. Shekara ɗaya bayan haihuwarta, a 1865, yaƙin ya ƙare aka soke bauta.

Mahaifiyarta, Elizabeth Draper, ta taɓa zama baiwa, kuma tana aikin girki a gidan wata Baturiya mai suna Elizabeth Van Lew. Mahaifinta wani Bature ne ɗan asalin ƙasar Ailan, bai auri uwar ba kuma bai riƙe 'yar ba. Wanda ya riƙe ta shi ne William Mitchell, mijin da uwarta ta aura, wanda daga baya ya zama shugaban masu kai abinci a wani otal na garin. Suna zaune da rufin asirinsu, sai a watan Fabrairun 1876 aka tsinci gawarsa a kogin James. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, iyalinsa kuwa sun tsaya a kan kashe shi aka yi.

Allah Sarki, rana ɗaya gida ya rasa mai cefane. Uwar ta ɗaura ɗamara ta kama wankau, tana wanki da guga ga gidajen Turawa. Maggie, tana 'yar shekara 11, ita ce mai zuwa karɓo kayan datti da mayar da wankakku a kwando bisa kai. A wannan yawo ta ga yadda masu hali suke zaune, ta kuma ga yadda matan unguwarsu ke dirzar wanki daga safe zuwa dare a kan 'yan kwabbai da ba sa kwana. Waɗannan matan su ne suka zama masu ajiya a bankinta daga baya.

Duk da haka uwar ba ta cire ta daga makaranta ba. A 1883 ta gama makarantar horon malamai ta baƙaƙen fata a Richmond, ta koyar shekara uku, tana kuma koyon lissafin kuɗi irin na akawu a gefe. A 1886 ta auri Armstead Walker, wanda gidansu magina ne, 'yan kwangilar ginin bulo. Dokar makarantun garin a wancan lokaci ba ta yarda matar aure ta koyar ba, don haka ranar da aka ɗaura aure aikin koyarwa ya ƙare. Sun haifi 'ya'ya maza uku, ɗaya ya rasu yana jariri, aka bar Russell da Melvin, suka kuma riƙe wata yarinya mai suna Polly Anderson.

Ƙungiyar da ta tarar a bakin rami

Tun tana budurwa Maggie ta shiga wata ƙungiyar taimakon juna da ake kira Independent Order of St. Luke. Wata mata mai suna Mary Prout ce ta kafa ta a birnin Baltimore a 1867. Aikinta mai sauƙi ne: kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka masa, in ɗan ƙungiya ya kwanta ciwo a tallafa masa, in ya mutu a yi masa sutura a ba iyalinsa wani abu. Kamfanonin inshora na Turawa ko dai su ƙi karɓar baƙar fata, ko su tsuga masa kuɗi, shi ya sa irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita.

Da aure ya raba ta da aji, sai ta mayar da ƙarfinta kan ƙungiyar. Ba ta faɗo shugabanci daga sama ba. Ta yi jinyar marasa lafiya, ta yi sakatariyar reshe, ta yi wakilci a taron shekara, mataki bayan mataki. A 1895 ta jagoranci kafa sashen yara, inda manyan mata ke tara yara suna koya musu tsafta da ladabi da tanadi.

A taron 1899 aka buɗe littafin ƙungiya, sai ga abin kunya. Dala 31 da kwabo 61 kacal suka rage a baitulmali, ga bashin kimanin dala 400 a wuya, masu biyan kuɗin wata ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Babban sakataren da ya daɗe a kan kujera ya sauka. A wannan hali aka miƙa wa Maggie muƙamin. Kin ga ke nan, ba a ba ta kujera ba sai da ta zama wadda kowa ke gudu. Ta karɓa, kuma ba ta sauka ba sai da mutuwa ta sauke ta.

Abin da ta fara yi shi ne gyara littafi da tattara kuɗin da ake bin rassa. Ta shiga jirgin ƙasa tana bin gari gari tana kafa sababbin rassa. Ta tabbatar duk wanda ya rasu an biya iyalinsa ba tare da jan rai ba, domin ta san labarin biya ɗaya a kan lokaci ya fi wa'azi goma jawo mutane.

Daga asusu zuwa banki

A taron shekara na 1901 ta gabatar wa 'yan ƙungiya buƙatu uku: jarida, banki da babban kanti. Hujjarta ita ce, kuɗin baƙaƙen fata yana shiga hannunsu da safe ya koma aljihun Turawa da yamma, ta hanyar haya da cefane da bashi. In aka tara 'yan kwabban wuri guda, aka ranta wa juna, to za su zama daloli, dalolin kuma su zama gidaje da shaguna da aikin yi ga 'yan mata.

Sai dai fa akwai tsohon tabo a zukatan mutane. A 1865 majalisar Amurka ta ba da izinin kafa wani banki na 'yantattun bayi mai suna Freedman's Savings Bank. Turawan da ke jan ragamarsa suka yi ta rabon bashi ba bisa ƙa'ida ba, ya rushe a 1874 da ajiyar mutum sama da 60,000, kusan dala miliyan 3. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Iyayen da Maggie ke roƙo su kawo kuɗinsu, da yawansu sun san wanda ya yi asara a wancan banki.

Jaridar, St. Luke Herald, ta fara fita a 1902. A 1903 ƙungiya ta gina wa kanta benen bulo mai hawa uku a titin St. James, inda aka zuba ofisoshi da maɗaba'a da zauren taro. Shi kuwa banki, kafin ta buɗe shi sai da ta koma ɗaliba. Ta yi watanni tana zuwa wani bankin Turawa na garin, Merchants National Bank, tana zama tana kallon yadda ake karɓar ajiya, yadda ake rufe littafi kowace rana, da yadda ake auna mai neman bashi. Uwar 'ya'ya ce mai shekara kusan 40, shugabar dubban mutane, amma ba ta ji nauyin zama a koya mata ba. Ta kuma ɗauko gogaggen ma'aikacin banki, Emmett Burke, ta ba shi riƙon kuɗi.

Ranar 2 ga Nuwambar 1903 aka buɗe St. Luke Penny Savings Bank, wato bankin ajiyar kwabo. A ranar farko an tara sama da dala 9,000, ajiya da kuɗin hannun jari. Sunan bankin ma kansa gayyata ce ga mai ƙaramin ƙarfi, cewa ko kwabo ɗaya gare ki ba za a raina ki a bakin kanta ba. Ta raba wa yara ƙananan asusu su kai gida, in yaro ya tara kwabo 100, wato dala ɗaya, sai ya kawo a buɗe masa ajiya da sunansa. Da yayyafi kogi kan cika.

Yadda kwabo ya zama bulo

A nan ne ainihin aikinta yake, don haka bari mu ɗan tsaya. A Amurkar wancan zamani, mai son sayen gida ta hanyar banki sai ya fara ajiye kaso mai tsoka na kuɗin gidan daga aljihunsa, sau da yawa wajen rabi. Banki ya cika masa sauran, ya riƙe takardar gidan a matsayin jingina. Wa'adin biya gajere ne, galibi shekara uku zuwa biyar, kuma a ƙarshe ake neman uwar kuɗin a dunƙule. In ya kasa, ko banki ya ƙi sabunta masa, gida ya tafi. Wannan ga Bature ke nan. Baƙar fata kuwa, musamman mace mai wanki ko aikatau, yawanci ko kujera ba za a ba ta ba.

Ga kuma matsi ta wajen doka. A 1902 jihar Birjiniya ta yi sabon tsarin mulki da ya raba mafi yawan baƙaƙen maza da ƙuri'a. A 1911 birnin Richmond ya yi dokar raba unguwanni, wadda ta hana baƙar fata tarewa a layin da Turawa suka fi yawa. Kotun ƙolin Amurka ta soke irin wannan doka a 1917, amma a aikace ba a daina ba. Sakamakon haka mutane suka cunkushe a 'yan unguwanni, babbarsu ita ce Jackson Ward, masu gidajen haya kuma suna yanka kuɗi yadda suka ga dama, tunda sun san babu wurin gudu.

Bankin Maggie ya shigo ta wannan ƙofa. Abin da ya fi bankunan Turawa da shi shi ne sani. Mai neman bashi ba baƙuwa ba ce, 'yar reshen ƙungiya ce, kuma littafin reshe yana nuna shekara nawa ta yi tana zuba kuɗin wata ba fashi. Maƙwabta sun san ta, shugabar reshe ta san ta. Wannan shaida ita ta tsaya mata a inda ba ta da kadara. Sai a fara ba ta ɗan ƙaramin rance, in ta biya a ƙara mata, har ta kai ga neman na fili ko na gida. Haka ma masu shaguna da masu sana'a suka samu jarin gini da na kaya, a daidai lokacin da titin Second Street na Jackson Ward ke cika da kantuna da otal-otal da ofisoshin baƙaƙen fata.

Zuwa 1920, gidaje sama da 600 ne masu su suka gama biya ta hannun wannan banki. Ki lura da kalmar, sun gama biya, takarda ta dawo hannunsu. Ga matar da ta ga yadda mutuwar mai gida ta jefa uwarta cikin wahala, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bazawara mai gidan kanta ba mai zuwa ya watso mata kaya waje ranar ƙarshen wata, tana iya sa 'yan haya a ɗaki ɗaya ta ci abinci, kuma tana da abin bar wa marayu.

Na san tambayar da ke ranki uwargida. Maggie Kirista ce, kuma bankinta da kuɗin ruwa yake aiki kamar sauran bankunan ƙasarta. Wannan ɓangare addininmu ya haramta shi, ba kuma shi muke yabawa ba. Abin dubawa a wurinta shi ne tara ƙananan kuɗi, tsare amana, da juya tanadi ya zama kadara mai zama, kuma duk waɗannan suna yiwuwa ta hanyoyin halal na ciniki da haɗin gwiwa.

Kantin da bai yi rai ba

Ba duk abin da ta taɓa ne ya yi albarka ba. A 1905 ƙungiya ta buɗe babban kanti, St. Luke Emporium, a wani bene mai hawa uku a Broad Street, babban titin kasuwancin garin inda Turawa suka mamaye. Ta ɗauki 'yan mata baƙaƙe aikin sayar da kaya, abin da kantunan Turawa ba sa yi. Bankin ma ya koma cikin wannan gini.

'Yan kasuwar Turawa suka haɗa kai suka yi mata taron dangi. Suka matsa wa manyan dillalan da ake saro kaya a wurinsu, aka daina ba ta kaya bashi sai kuɗi hannu. Abin da ya fi ciwo, mutanenta da yawa suka ci gaba da zuwa kantunan da ake wulaƙanta su. Kanti ya yi ta cin kuɗi ba riba, a 1911 aka rufe shi. Ta so kantin nan ƙwarai, domin shi ne mafarkinta na sama wa 'yan mata aikin da ba wanki ba. Amma ba ta bari son abu ya sa ta ci gaba da zuba dukiyar jama'a a rijiya ba. Shugabanni da yawa a nan suke faɗuwa, don gudun kada a ce sun gaza.

Shekarar tankaɗe da rairaya

A 1910 aka yi girgizar da ta kusa tafiya da kowa. Bankin True Reformers, wanda aka kafa a Richmond a 1888, shi ne babban yaya a bankunan baƙaƙen fata, kowa na alfahari da shi. Sai ga shi ya rushe, saboda basussukan da aka bayar ba jingina da kuma hannun da ma'ajinsa ya sa a kuɗi. A wannan shekara jihar Birjiniya ta fara tura masu binciken kuɗi cikin bankuna, aka kuma tilasta raba dukiyar ƙungiyoyi da ta bankunansu.

Masu bincike suka shiga bankin Maggie, suka fita, banki na nan a buɗe. Aka raba shi da ƙungiya kamar yadda doka ta ce, ya tsaya da ƙafarsa. A 1911 ya tare a sabon gininsa a mahaɗar titin First da Marshall, wanda wani mai zanen gine-gine baƙar fata, Charles Russell, ya zana. Shi ne kuma daga baya ya faɗaɗa benen ƙungiya ya ƙara masa hawa. Haka take yi, kuɗin gini ma ya zaga a hannun mutanenta. A 1922 wani babban bankin baƙaƙen fata na garin, Mechanics Savings Bank, shi ma hukuma ta rufe shi. Nata ya sake tsallakewa.

Me ya raba ta da su? Ba ta gaggawar girma, ba ta ba da babban bashi don kunya ko don zumunci, kuma littafinta a shirye yake ko yaushe aka ce a buɗe. Zuwa 1924 ƙungiyar da ta karɓa da dala 31 tana da mambobi sama da 50,000 a rassa 1,500, ofishinta kuma cike yake da mata akawu da masu buga tafireta, waɗanda ta horar da su ta kuma tsananta musu a kan zuwa aiki da wuri da yin tanadi daga albashinsu.

Jarrabawa a cikin gida

Tun 1904 iyalin suka sayi gida a titin East Leigh a kan dala 4,800. Sannu a hankali aka yi ta ƙara masa ɗakuna har suka kai 28, domin 'ya'yanta da matansu da jikoki da tsohuwarta duk tare suke zaune. Polly ce ke riƙe da harkar gida, kuma wannan na cikin abin da ya ba Maggie damar fita aiki da tafiye-tafiye. Babu macen da ke ɗaukar irin wannan kaya ita kaɗai, sai da wasu hannaye a bayanta.

A wannan gida ne babbar masifar rayuwarta ta auku. A watan Yunin 1915 ana zargin ɓarawo na hawa rufin gidan. Da dare ɗanta Russell ya ɗauki bindiga, ya ga motsin mutum a barandar baya, ya harba. Ashe mahaifinsa ne. Armstead ya mutu nan take. Ki auna wannan a ranki 'yar'uwa: miji a makara, ɗa a hannun hukuma ana tuhumarsa da kisan kai, gari kuma ya ɗauka da tsegumi iri-iri. Ta tsaya wa ɗanta har kotu ta wanke shi a watan Nuwamba na shekarar, aka tabbatar kuskure ne.

Ana cikin haka wasu 'yan ƙungiya suka ga dama ta samu, suka nemi a tsige ta a taron shekara. Ta tashi gaban taro da alƙaluman shekara 16 na aikinta, aka sake zaɓenta. A ranar da suna ya shiga bakin duniya, littafin da ta tsare shi ya tsaya mata. Russell kuwa bai sake komawa daidai ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1922, shi kuma ya bi ta a 1923.

Jikinta ma ya fara ba ta matsala. Ta taɓa faɗuwa a matakalar gidanta ta ji ciwo a gwiwa, ga ciwon suga ya zo ya haɗu da shi. Zuwa 1928 sai a keken guragu. Ta sa aka kafa mata na'urar hawa bene a gida, aka gyara motarta yadda keken zai shiga, ta ci gaba da zuwa ofis da taro.

Haɗewa kafin guguwa

A ƙarshen 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi, tattalin arziki ya durƙushe. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka mutu a ƙasar. Na baƙaƙen fata sun fi shan wuya, domin masu ajiyarsu su ake fara sallama daga aiki, kuma wanda ba ya aiki ba ya biyan bashin gida.

Maggie ta hango cewa ƙananan bankuna uku a unguwa ɗaya ba za su rayu suna gasa da juna ba. Ta jawo Second Street Savings Bank suka haɗe, a farkon Janairun 1930 aka buɗe da sabon suna, Consolidated Bank and Trust Company. A 1931 na ukun, Commercial Bank and Trust, shi ma ya shigo. Ta yarda sunan St. Luke da ta raina shekara 26 ya sauka daga kan allo. Ta koma shugabar hukumar daraktoci, Emmett Burke da ta ɗauko tun ranar farko ya karɓi gudanarwa. Bankin ya ƙetare guguwar da ransa.

Ta rasu ranar 15 ga Disambar 1934 tana da shekara 70, sanadin ciwon suga, aka binne ta a maƙabartar Evergreen da ke Richmond. Bayan 'yan shekaru surukarta Hattie, matar marigayi Russell, wadda ta koyi aiki a ƙarƙashinta, ta hau kujerar ƙungiya ta riƙe ta shekara da shekaru.

Abin da ya biyo baya

Unguwar da ta yi wa hidima ba ta tsira gaba ɗaya ba. A shekarun 1950 hukuma ta ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyar Jackson Ward, aka rushe ɗaruruwan gidaje, unguwa ta rabu biyu. Takardar gida tana kare mutum daga mai haya, amma ba ta kare waɗanda aka hana murya a wurin da ake yanke shawara ba. Maggie ta san da haka tun tana raye, shi ya sa da mata suka samu ƙuri'a a 1920 ta shiga gaba wajen kai matan unguwarta rajista.

Bankin kuwa ya ci gaba a hannun baƙaƙen fata har 2005, lokacin da wani kamfani ya saye shi. Shekara 102 ke nan daga ranar da aka buɗe shi, kuma a lokacin babu bankin baƙaƙen fata a Amurka da ya kai shi daɗewa ba yankewa. A 1978 gwamnatin Amurka ta sanya gidanta cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2017 kuma aka kafa mutum-mutuminta a Broad Street, titin da aka taɓa haɗa kai don a kori kantinta.

To uwargida, in kina riƙe da kuɗin wasu, ko na ƙungiya ne ko na adashi ko na marayun gidanku, ga abin da za ki ɗauka daga wannan mata. Ki koyi aikin kafin ki karɓe shi, ko da kin girmi mai koya miki. Ki rubuta komai a ranar da ya shigo da ranar da ya fita, ki kuma saba da buɗe littafi tun ba a tambaye ki ba. Kada ki haɗa aljihun jama'a da naki ko na maigida. In wata harka ta ƙi, ki rufe ta tun asarar tana ƙarama. Ki horar da wadda za ta gaje ki tun kina da ƙarfi. In kuma tanadi ya taru, ki tuna kayan ɗaki suna tsufa, atamfa tana koɗewa, fili da gida kuwa suna nan, musamman in takardarsu ta fito da sunan mai su.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.